Filin motocin RV ba kuɗin kwance ba ne

Malam, ka ce duk wanda ya sayi fili a Amurka yana ba masu motocin RV haya, waɗannan masu ɗaki da kicin da banɗaki a ciki, kuɗi ne za su riƙa shigo masa yana kwance. Ban yarda ba. Shekara uku na yi aiki a irin wannan fili kusa da Odessa a jihar Texas, inda yawancin mazauna ma'aikatan rijiyoyin mai ne masu biya wata-wata.

Mai zaman wata ya fi mai kwana ɗaya kwanciyar hankali, gaskiya ne. Amma dole kowa da mitar wutarsa, in ba haka ba na'urar sanyaya ɗaki a watan Yuli ta cinye ribar. Ga ruwa kuma. A sanyin Fabrairun 2021 bututai suka fashe, muka kwana da tocila muna haƙa, wata tsohuwa da ta shekara shida a wurin tana ta kawo mana shayi. Ba ta da wani gida sai motar nan. In mai fili ya tsawwala haya, ina za ta nufa?

Da farashin mai ya faɗi a 2020 kuwa, cikin 'yan makonni fili ya yi wayam.