Dutsen Barea a Faringdon da Kaburburan Lokoja

A watan jiya wata abokiyar aikina 'yar Sifaniya ta roƙe ni in kai ta Faringdon, wani ƙaramin gari da bai kai tafiyar awa guda daga Oxford ba, domin ta ajiye furanni a wurin tunawa da wani marubucin ƙasarsu mai suna Arturo Barea. Ban taɓa jin sunansa ba, kara kawai na yi mata. Wurin yana maƙabartar cocin All Saints, inda aka aske ciyawa tas, shiru ya yi yawa har mutum yana jin takun ƙafarsa. Ƙaramin dutse ne mai sunansa, kuma babu gawa a ƙarƙashinsa, domin ƙona ta aka yi, aka watsa tokar a lambun gidan da ya zauna. Da ta faɗa mini haka sai da tsigar jikina ta tashi, amma na yi shiru.

A tsaye a wurin ta ba ni tarihinsa. An haife shi a Badajoz a 1897, ya tashi a Madrid inda mahaifiyarsa take wankau a bakin kogin Manzanares. A lokacin yaƙin basasar Sifaniya shi ne yake tace rahotannin 'yan jaridar ƙasashen waje a ɓangaren gwamnatin jamhuriya, da alamu suka nuna Janar Franco zai yi galaba sai ya fice, ya iso Ingila a 1939, bai sake taka ƙasarsu ba har ya rasu ranar 24 ga Disamba 1957. Tarihin rayuwarsa mai juzu'i uku da Turanci ya fara fitowa, ta hannun matarsa Ilsa da ta fassara shi, sannan aka buga shi da Sifaniyanci a Ajantina a 1951. A ƙasarsa kuwa sai bayan mutuwar Franco aka buga shi.

Daga nan ta ja ni gaban wata mashaya mai suna The Volunteer, inda aka liƙa allon tunawa da shi a 2013 saboda nan yake zuwa hira. Na ce a raina, wace irin karramawa ce wannan, a bangon gidan giya? Ina cikin wannan raini sai ta tambaye ni, ba da wata manufa ba, wai mu Hausawa a ina muke zuwa tunawa da marubutanmu da suka mutu nesa da gida. Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba, kuma tambayar ta bi ni har gida.

Amsar da ta fara zo mini ita ce mu ba ma gini a kan kabari, ba ma kai wa mamaci furanni, addu'a muke yi masa, kuma har yanzu ina ganin wannan ya fi duk wani dutse amfani ga wanda ya riga mu gidan gaskiya. Sai dai wannan amsa ta kare kai ce. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, mawaƙin da Turawa suka tuɓe suka kai Lokoja, a can ya rasu, haka ma Sarkin Kano Alu, wanda shi ma malami ne mai rubutu, a can ya cika a 1926. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya rubuta rayuwar Hausawa da ajami, a Kete Krachi ta Gana ya rasu a 1934. Mutum nawa ne cikinmu suka karanta ko da shafi guda na abin da suka bari? Ni da nake wannan rubutu na yi shekaru ina ratsa Lokoja a mota, kifi kaɗai nake tsayawa saye.

Su ma Sifaniyawan sun makara, ba na musun haka, domin sai a 2010 aka gyara dutsen nan, sai a 2017 Madrid ta sa wa wani dandali sunansa. Amma da suka farka ba su tsaya a dutse ba: takardunsa suna ajiye a ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, ana kuma ci gaba da buga littattafansa. Wannan ba shi da wata alaƙa da bidi'a ko gini a kan kabari, kula ce kawai, kuma ita muka rasa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne Barea ya yi shekaru yana magana da mutanen Latin Amurka ta rediyon BBC da sunan aro, Juan de Castilla, yana ba su labarin ƙauyen Ingila da harshen da maƙwabtansa ba sa ji, kuma a shekarar da ya rasu aka buɗe Sashen Hausa. Ni ma a nan da Hausa nake rubutu, 'ya'yana suna jin ta amma ba sa iya karanta ta. Duk wata ina biyan kuɗin asusun jana'iza na masallacinmu domin a rufe ni a sashen Musulmi idan ajali ya riske ni a nan, wannan kam na shirya masa. Littattafan rubutuna guda shida da suke cikin akwati a ƙarƙashin gado ne ban san hannun da za su faɗa ba.