Kada tukunya ta mutu a hannunmu

Assalamu alaikum ƙannena mata da maza, musamman ku da kuka yi aure cikin 'yan shekarun nan, da ku da ke shirin yi.

Watan jiya na je barkar wata ƙanwata da ta haifi ɗanta na biyu. Na shiga kicin zan ɗora mata ruwan zafi, sai na tsaya ina kallo. Tukwane jere reras tun na kayan ɗaki, wasu ko ledarsu ba a cire ba. Ga injin markaɗe, ga tukunyar shinkafa ta lantarki, ga gas mai kai huɗu. Na leƙa sito: katan biyu na indomi, kiret ɗin ƙwai, tumatirin leda, lemon kwali, biskit na makarantar yaro. Babu ko tiya ɗaya ta dawa ko gero, babu wake, babu kuka, babu daddawa. Muciya ma da na tambaya, sai ta ce tana jin a gidan Hajiya aka baro ta tun ranar jere. Da na zuba wa babban ɗanta, mai shekara huɗu, tuwon da na zo da shi, ya shinshina miyar ya ture kwanon, ya ce shi ba ya cin baƙar miya. Uwarsa ta yi dariya. Ni kuwa raina ya sosu, domin na san wannan hanyar, na bi ta da ƙafata.

Shekarar da na fara koyarwa, ƙarfe bakwai nake fita, sai bayan la'asar na dawo a gajiye liƙis. Abin da ya fi sauƙi shi nake yi: in fasa ledar indomi biyu, in fasa ƙwai, minti biyar an gama. 'Yata tana ci tana murna, ni ma hankalina kwance tunda ba ta kwana da yunwa ba. Kusan shekara biyu muna haka. Ranar da na farga ita ce ranar da muka je gida, mahaifiyata ta yi dambun zogale, yarinyar ta zauna tana kuka wai ba a ba ta abinci ba. Mahaifiyata ba ta yi mini faɗa ba. Kallona kawai ta yi ta ce, "Ke kika koya wa harshenta." Wannan maganar har yau tana kunnena, kuma ita ce nake son in isar muku.

Harshen yaro a gida ake gina shi. Abincin kamfani an haɗa shi ne da gangan yadda zai kama baki tun lomar farko: gishiri da yawa, mai, sukari, da sinadarin ɗanɗano. Yaron da ya tashi a kan wannan, ma'aunin bakinsa ya riga ya hau sama, duk abin da bai kai can ba lami ne a wurinsa. Miyar kuka ba ta yi masa ihu a baki, kunun tsamiya bai kai lemon kwalba zaƙi ba, sai ya ƙi su. Mu kuma sai mu ce ai yaran zamani ne, ba sa son abincin gargajiya, alhali ba a haifi kowa da ƙin tuwo ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mu ne muka tanƙwara shi ta wancan gefen.

Ita wannan taliyar ta leda ba tsohuwa ba ce a wurinmu. Wani mutumin Japan, Momofuku Ando, shi ya ƙirƙiro ta a 1958, lokacin da ƙasarsu ba ta daɗe da fita daga yunwar bayan yaƙi ba. Najeriya kuwa sai ƙarshen shekarun 1980 ta shigo daga Indonesiya, aka kafa masana'antarta a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990. Ke nan a cikin shekara talatin da 'yan kai ta kori abincin da kakanninmu suka yi ɗaruruwan shekaru suna ci. Farar fulawa ce da aka turara, aka soya a mai, aka busar, aka haɗo ta da ƙullin gishiri da kayan ɗanɗano. Alkamar ma mafi yawanta daga waje ake shigo da ita, ga dawa da gero da wake jibge a kasuwar Dawanau. Ba haram ba ce, ba kuma guba ba ce. Ranar da aka dawo daga tafiya cikin dare, ko ranar da uwa ba ta da lafiya, tana rufa asiri. Inda ɓarnar take shi ne abincin uzuri ya zama abincin kullum.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, na yaro kuma ƙasa da haka. Ku juya bayan ledar ku karanta abin da aka rubuta da kanku, sannan ku haɗa da dunƙulen magi biyu da muke ƙarawa a kai, wanda shi ma kaso babba na nauyinsa gishiri ne. Sukari kuwa hukumar ta ce abin da ya fi shi ne a tsaya wajen giram 25 a yini, kusan cokalin shayi shida, alhali gorar lemo ɗaya takan zarce hakan ita kaɗai. Wane gida ne yanzu babu mai hawan jini ko ciwon suga? A da cutar tsofaffi muke ce musu, yau 'yan shekara talatin da biyar ne a layin asibiti. A 2019 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa a Amurka: mutum 20 aka ajiye, mako biyu suna cin abincin da masana'anta ta sarrafa sosai, mako biyu suna cin wanda aka girka daga kayan asali, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta, idan aka yi musu kuɗin goro, mutum yana ƙara cin kimanin kalori 500 (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) a yini ba tare da ya lura ba, kuma sun ƙara nauyin kusan kilo ɗaya. A makonnin girki sai suka sauke kusan hakan. Abincin masana'anta yana wucewa da sauri, ciki bai ankara ya ƙoshi ba har an zarce.

Na san abin da za ku ce, kuma ba ƙarya kuka yi ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, a 2024 hauhawar farashin abinci sai da ta haura kashi 40 cikin ɗari. Gas ya yi tsada, gawayi ya bi shi, wutar lantarki ba ta da tabbas balle a dogara da firij. Mace tana aiki ko tana makaranta, ga goyo, ga babu mai taya ta kamar yadda ake yi a gidan yawa. Duk na yarda. Amma ku zauna ku yi lissafi da biro: kuɗin leda biyar da ƙwai biyar na dare ɗaya, nawa zai sayo na shinkafa da wake? Wanne ne zai riƙe cikin yaro har safe? Garau-garau da muke rainawa, hatsi ne da wake a haɗe, abin da ɗaya ya rasa na gina jiki ɗaya ya cike masa. A yanka albasa da tumatir da ɗan latas a kai, wallahi ya fi wannan ledar nesa ba kusa ba.

Kuma wa ya ce iyayenmu ba su san sauƙi ba? Su da suke daka da surfe da jan ruwa a rijiya sun fi mu ƙarancin lokaci, shi ya sa suka tsara girkinsu tun daga kaka. Garin kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, kauɗar tumatir, busasshen zogale da rama, daddawa, ƙuli-ƙuli, dakakken yaji: duk waɗannan abincin gaggawa ne, nasu na asali, wanda ba ya neman firij kuma yana wata da watanni bai lalace ba. Ina tuna mahaifiyata da magariba. Ruwa na tafasa, ta jefa daddawar da ta daka da albasa da barkono da citta, ta ƙara ɗan markaɗaɗɗen wake da kan busasshen kifi, ta rufe ta tafi sallah. Ta ce sirrin miyar kuka bai wuce a bar daddawa ta dahu ba, wanda ya yi gaggawa a nan shi ne miyarsa ke wari. Tana sallamewa sai ta rage wuta, tana barbaɗa kuka kaɗan-kaɗan tana kaɗawa da maburgi, ba gudaji ko ɗaya, ta zuba ɗan man shanu. Tuwon da ya rage ta malmala shi ta ajiye, da safe ga ɗumame, karin kumallon mutum tara ba a kashe ko sisi ba. Abin da nake yi yanzu nata ne na ɗan gyara: ranar Asabar in gyara wake in tsince shinkafa, in markaɗa kayan miya in tafasa su har ruwan ya ƙone in soya da mai yadda za su yi kwanaki, in kai niƙan garin tuwo da na ɗan wake. Idan garin yana nan, ɗan wake bai fi minti ashirin ba. Kwaɗon zogale ma haka. Fate da yakuwa tukunya ɗaya ce tal.

Ku kuma maza, kada ku karanta wannan ku tura wa matanku kuna cewa "kin gani ko?" Da yawanku ku ne kuke shigowa da leda a hannu kullum dare, ko ku tsaya teburin mai shayi ku cika ciki sannan ku zo ku ce wa girkin gida kun ƙoshi. Matar da ta yi tuwo sau uku ana barinsa yana kwana, ranar na huɗu ba za ta yi ba. Wani kuma kuɗin cefanen da yake bayarwa na shekara uku da suka wuce ne, yana jiran miya da nama. Sayen hatsi da wake a lokacin kaka, sanda suke da sauƙi, aikinka ne maigida. An tambayi Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin sallah ya yi ya fita. Bukhari ne ya ruwaito. Riƙe jariri minti talatin don ta tuƙa tuwo, ko yanka albasa, bai rage wa kowa girma ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku kuma samarin da ke jami'a kuna rayuwa a kan taliya da burodi, ku koyi dafa wake da miya ko guda biyu, cikinku ne, kuma jikin da za ku tsufa da shi ne.

Abin da ya fi tsorata ni ma ba gishirin ba ne. Girki ilimi ne da ke tafiya daga hannu zuwa hannu. Bidiyon waya zai nuna miki kayan haɗi, amma ba zai sa hannunki ya san kaurin talge ba, ko lokacin da tuwo ya turara ya isa kwashewa, ko yawan kanwar da idan ta wuce ɗan wake zai yi ɗaci. Wannan sai an tsaya kusa da wadda ta iya, an ɓata sau biyu ta gyara. Matan da suka iya yin daddawa daga kalwa, da dambu, da burabusko, da tubani, da wainar gero, yawancinsu sun haura sittin. Idan tsararmu ba ta karɓa ba, 'ya'yanmu ba su da inda za su samu, ko sun so. Wadda mahaifiyarta ko gwaggonta ko surukarta ke raye, ta je ta tsuguna gaban murhu ta ce a koya mata, babu kunya a ciki. A tafi da yaran, maza da mata, su tsince wake, su riƙe rariya.

'Yata sai da muka yi wajen wata shida kafin bakinta ya dawo. Ban hana ta taliyar gaba ɗaya ba, na mayar da ita sau ɗaya a mako, da kabeji da karas a ciki da rabin ƙullin gishirin. Sauran ranakun abin da kowa ya ci shi za ta ci, ba duka, ba tsawa, ba kuma a dafa mata wani daban. Yau ita ke tuna mini idan kuka ta kusa ƙarewa.

Bayan suna na koma gidan ƙanwar tawa da muciya da maburgi, da tiya biyu ta garin dawa, da garin ɗan wake, da ƙullin kuka da daddawa. Muka zaunar da yaron a tabarma nesa da wuta, muka ba shi kwano ya zuba garin ɗan waken da hannunsa, ya taya mu kwaɓawa har ya ɓata rigarsa. Da ya dahu aka zuba mai da yaji kaɗan da yankan tumatir, ya ce nasa ne shi ya yi, ya ci guda biyar. Tuwo dai har yanzu bai karɓa ba. Uwarsa ta ce ranar Juma'a za ta gwada shi da miyar taushe, ta tambaye ni ko kabewa ake fara sawa ko gyaɗa.