Ɗalibai, kuɗin NELFUND fa bashi ne ba rabo ba

Assalamu alaikum ƙannena ƴan jami'a da foli da kwalejin ilimi. Wallahi abin da nake gani tun da aka buɗe shafin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashin karatu, a watan Mayun 2024 yana damuna, alat ɗin dubu 20 na kashewa da ake turowa duk wata na shigowa sai ka ji yaro yana cewa kason mu ne na cire tallafin mai, wani ya zuba a caca ta waya, wata ta haɗa na wata uku ta canza waya, kamar ba wanda zai sake tada maganar.

Ni ban ce kar ku karɓa ba. Kowa ya san yadda kuɗin rijista ya tashi tun 2023, da idona na ga yaron unguwarmu mai ƙoƙari ya ajiye karatu a aji biyu saboda babansa ya kasa haɗa kuɗin, da a ce tsarin nan ya zo da wuri da yanzu ya gama. Kuma dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Afrilun 2024 ta sauƙaƙa, ba ruwa a kai, ba a neman wanda zai tsaya maka, kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, na kashewa ne kawai ke shiga asusunka. Duk wannan alheri ne.

Amma ku zauna ku yi lissafi dan Allah. Dubu 20 a wata 10 dubu 200 kenan, shekara huɗu dubu 800, ga kuɗin rijista a kai, kafin ka ankara ka haura miliyan ɗaya. Biya zai fara ne shekara biyu bayan bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinka, mai sana'ar kansa kuma daga ribarsa. In albashinka dubu 100 ne to dubu 10 duk wata, miliyan ɗaya sai ta ci wata 100, sama da shekara takwas fa, daidai lokacin da kake neman kuɗin lefe da haya da maganin iyaye. Kuma da NIN da BVN ɗinka ka cike fom ɗin nan, ina za ka ɓuya?

Ko ba gwamnati ma, mu musulmi mun san nauyin bashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan bashi ta sauka, an ce a rubuta shi. Shahidi ana yafe masa komai ban da bashi. Sannan abin da ka biya da shi za a ba na bayanka.

To wanda gida na iya ɗaukar cinsa da kuɗin motarsa ya nemi na rijista kawai, na kashewar ba dole ba ne. Wanda ya karɓa ya samu littafi ya rubuta duk abin da ya shigo da ranarsa, ya kuma je ofishin kuɗi na makaranta ya tabbatar an sa a sunansa, in ka riga ka biya kafin nasu ya zo ka bi sawun kuɗinka a mayar maka. Manhajojin bashi na waya masu ruwa kuwa, masu kiran duk lambobin da ke wayarka su tozarta ka in ka makara, ko da wasa kar ku kusance su.