An Yanka Mini Marsandi Saboda Bamba

Mako uku ke nan da na ɗauko motata daga wani gareji da ke wajen Farin Gada a nan Jos, amma har yau duk safiyar da na fito na kalli bayanta sai raina ya sake ɓaci kamar ranar farko. Marsandi ce 230E ta shekarar 1982, daga cikin jerin da kamfanin ya yi wa lamba W123, wanda aka fara sayarwa a 1976 aka ci gaba har tsakiyar shekarun 1980, kafin wadda muke kira V-boot ta gaje ta. Marigayi mahaifina ya riƙe ta fiye da shekara talatin ba a taɓa kusantar jikinta da wutar walda ba, ni ma haka na riƙe ta bayan rasuwarsa.

Abin da ya kai ta gareji bai taka kara ya karya ba. Wani mai Keke Napep ne ya daki bayanta a cunkoson titin Bauchi, bambar baya ta lanƙwashe ta ɓangaren hagu, robar kusurwarta ta tsage. Na gaya wa mai bugun jikin motar da bakina cewa ko dai ya miƙe wannan bambar, ko ya shiga Dilimi ya nemo irinta sak cikin kayan Beljiyam, in kuma bai samu ba ya kira ni. Ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, aikin kwana biyu ne." Kwana goma sha ɗaya motar ta yi a hannunsa.

Duk wanda ya ce sana'arsa jikin Marsandi ya kamata ya san cewa bambar wannan mota iri biyu ce. A shekarun 1973 da 1974 Amurka ta tilasta cewa mota ta jure karo a gudun mil 5 a awa, wato kimanin kilomita 8, ba tare da fitilunta da sauran kayan kariyarta sun lalace ba. Saboda haka motocin da aka tura can aka sanya musu bamba mai kauri da nauyi, wadda ta turo waje sosai, kuma tana zaune a kan wasu ƙananan shokazoba da ke shanye bugu, har tsawon motar ya ƙaru da fiye da santimita 10. Ta Turai kuwa, irin tawa, siririya ce mai manne da jiki, an ɗaure ta da noti a kan ƙarafan riƙo. Su biyun ba sa zama a mazauni ɗaya sai an taɓa wani abu.

Bawan Allahn nan ta Amurka ya samo. Da ya gwada ya ga ta ƙi zama, maimakon ya mayar wa mai ita ko ya ɗaga waya ya neme ni, sai ya yanke shawarar cewa motar ce za ta bi bamba. Ya kunna wutar gas ya faɗaɗa ramukan da ke ƙarƙashin but, ya datse gefen falankin baya, ya yanko guntayen ƙarfe irin na masu yin ƙofar shago ya yi musu walda a jikin shasi, ya liƙa bambar a kansu ba tare da shokazobanta ba, sannan ya cike duk inda ya ɓata da bodifila, wato ƙullin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, ya fesa fenti.

Ranar da na je ɗauka, tun daga nesa na ga motar ta turo baya kamar an ɗaura mata benci. Na durƙusa a cikin baƙin mai na zura hannu ta ƙasa, sai yatsuna suka ci karo da bakin ƙarfe mai kaifi da tsaga-tsaga, tamkar gwangwanin madarar da aka buɗe da wuƙa. Baƙin shafin da kamfani ya yi wa ƙasan motar don hana tsatsa ya ƙone, yana ɓarewa a hannuna kamar ƙanzo. Da na buɗe but, shimfiɗar ciki ta huje a wuri biyu inda tartsatsi ya faɗa, wayar tirafiketan hagu kuma ta narke an naɗe ta da leda. Fentin ma bai dace ba, domin motar ruwan madara ce, shi kuma ya fesa mata fari fat, har layin da launukan biyu suka haɗu yana fitowa da rana.

Na ce, "Malam, wa ya ba ka izinin yanka mini mota?" Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, don haka ya ɗaga murya yaransa na ji, ya ce, "Haba Alhaji, ai gata na yi maka, wannan ko tifa ta buge ta ba abin da zai same ta." Wannan maganar ta fi yankan ƙona mini rai, saboda ta nuna bai san amfanin bamba ba. An yi ta ne ta karɓi bugu ta lalace, a kwance noti a sauya wata. Yanzu da ya haɗe ta da shasi da walda, ranar da aka sake dukana ta baya ƙarfin zai wuce kai tsaye cikin ƙashin motar. Duk da haka bai ji nauyin neman ƙarin Naira dubu arba'in a kan abin da muka yi ciniki ba, wai kuɗin gas da wahala.

Na san inda wannan ɗabi'a ta samo asali, kuma ba na raina ta a muhallinta. Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975 ta yi shekaru tana jigila tsakanin Jos da Bauchi da irin wannan faci, domin direban haya so yake motarsa ta koma tasha gobe da safe. Amma wanda ya kawo maka motar da ta shekara arba'in da ƙarfenta na asali ya ce ka kira shi kafin ka yi komai, ai ya riga ya gaya maka abin da yake tsaro. Ga damina tana tafe, kuma kowa ya san ruwan Jos daga Afrilu har Oktoba ba ya wasa. Ƙarfen da wuta ta tsiraita zai fara tsatsa ta ciki, bodifilar ta kumbura ta tsage, kafin shekara biyu ƙasan but ya zama rariya.

Wani dattijon mai walda a Bukuru ya duba ta, ya girgiza kai, ya ce zai iya sare abin da aka liƙa ya ƙera sabon falanki, amma sai na kawo masa bambar asali ya auna ramuka da ita. Na koma garejin na ce a ba ni tsohuwar bambata da ƙarafan riƙonta. Maigidan ya ce a tambayi yara, yaran suka dubi juna, can ƙaraminsu ya ce tun ranar Juma'ar farko aka ɗora ta a sikelin 'yan gwangwan, aka sayar a kan kilo.