Alƙaluman sun sauka, amma aiki bai ƙaru ba

Wasu 'yan uwanmu a unguwannin Agege da Idi-Araba na Legas sun ji cewa rashin aikin yi a Najeriya ya faɗo daga kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020 zuwa 4.1 a farkon 2023, sai suka ɗauka ayyuka ne suka samu. Ma'auni aka sauya. A sabon lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako, ma'aikaci ne.

Ke nan ɗan dako a kasuwar Mile 12, wanda ya sauke buhu biyu na albasa da safe ya wuni zaune a inuwar tirela, yana cikin masu aiki. Haka ɗan acaɓar da gwamnatin Sanwo-Olu ta jihar Legas ta hana shiga Ikeja, Surulere da Apapa tun Yunin 2022, yanzu yana tura ruwa a kura.

Abin da ke ci mini rai shi ne na gida. Iyali a Arewa suna jiran aike, suna zargin ɗan'uwansu da ke Legas ya manta da su, alhali kuɗin ɗaki da na mota sun cinye ɗan abin da ya samu.