Kafin ka zaɓi manhajar sabar waƙoƙi, gyara rumbunka

Ƙannena, ku matso mu yi magana. Na ga yadda kuke yi. Mutum ya tara waƙoƙi dubbai a tsohuwar kwamfuta, yana so ya riƙa jin su a waya da talabijin da lasifikar ɗaki ba sai ya kwafa ba, sai ya kwana uku yana tambayar wace manhajar sabar ce ta fi, wato manhajar da ke aika waƙoƙin daga kwamfutar zuwa sauran na'urori. Wannan ya ce Plex, wancan ya ce Jellyfin. Yau ya saka, gobe ya goge. Ba nan gizo ke saƙa ba.

Ni ma na yi wannan wautar. Ranar da na fara kunna tawa sabar, na buɗe waya cike da zumuɗi, sai na tarar da mawaƙi ɗaya ya zama mutum huɗu, saboda an rubuta sunansa iri huɗu. Kundi guda ya rabu gida uku. Waƙoƙi ɗaruruwa kuma an jibge su wuri ɗaya, babu suna babu hoto. Na ɗora wa manhajar laifi, na canza wata. Abin da na gani a farko shi na sake gani.

Dalili shi ne, yawancin waɗannan manhajoji ba sunan fayil suke fi dubawa ba. Kowace waƙa tana ɗauke da bayanai a cikinta: sunan mawaƙi, sunan kundi, shekara, lambar waƙa. Akwai kuma gurbi na musamman na mai kundin gaba ɗaya, wanda in ka bar shi fanko, kundin da mawaƙa da yawa suka haɗu a kai zai tarwatse. Saboda haka ka fara zama da MusicBrainz Picard, manhajar gyara bayanan waƙa, kyauta ce, ka gyara bayanan nan kundi bayan kundi. Aiki ne mai gundura, ba zan ɓoye maka ba. Amma sau ɗaya ake yin sa, kuma duk manhajar da ka koma daga baya gyaran yana biye da fayilolinka.

Sai bayan nan ka tambayi kanka: da me zan riƙa saurare?

In waƙa kaɗai kake so, kuma a waya ko kwamfuta za ka ji, ni Navidrome nake ba mutane shawara. Ba ta da nauyi, ko 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi tana ɗaukar ta, kuma tana aiki da Subsonic, tsarin da manhajojin waya ke bi su yi magana da sabar, wato kana da zaɓin manhajojin waya da yawa, irin su Symfonium a Android. In kana da finafinai ma, duba Jellyfin. Ta samo asali ne daga wata manhajar sabar mai suna Emby a ƙarshen 2018, lokacin da masu Emby suka rufe lambobin manhajarsu, kuma har yau ba a biyan ko sisi. Da manhajar Finamp ake jin waƙa a kanta.

Plex ta fi su ƙyalli, manhajarta ta jin waƙa, Plexamp, kuwa abin yabo ce. Sai dai ka sani, da asusun kamfanin ake shiga, wasu abubuwan kuma sai da Plex Pass na kuɗi. Ka yi tunani: waƙarka, kwamfutarka, gidanka, amma ranar da intanet ya ɗauke kana iya tsayawa a bakin ƙofa in ba ka saita shiga ta cikin gida tun da wuri ba. In ka yarda da haka, bismilla. Kada dai ka shiga ido rufe.

Mai son waƙa ɗaya ta tashi a ɗakuna biyu lokaci guda ya nemi Lyrion Music Server, wadda a da ake kira Logitech Media Server. Mai tsohuwar talabijin da ba ta san komai ba sai DLNA, tsarin da na'urorin gida ke musayar waƙa da bidiyo da shi, manhajar MiniDLNA ta ishe shi, amma ba ta da kalmar sirri, duk wanda ya hau Wi-Fi ɗinka zai ga komai.

Kada wani ya zuga ka ka sayi babbar na'ura. Sautin faifan CD kilobit 1,411 yake ci a daƙiƙa, FLAC kuma, nau'in fayil ɗin da ba ya rage ingancin sauti, ta kan matse shi ya dawo kusan rabi. Wannan ba kaya ba ne ga rautar gida, wato na'urar da ke raba Wi-Fi. Abin da sabar ke bukata shi ne ta zauna a kunne, a haɗa ta da rauta ta kebul, a ba ta adireshin da ba ya canzawa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne masu buɗe ƙofa a rauta don su ji waƙa a waje. Ka buɗe ƙofa mai lamba 4533 ta Navidrome ko 8096 ta Jellyfin ga duniya, da kalmar sirri mai harafi shida, manhajar kuma ta shekara ba a sabunta ba? Haba! Yi amfani da manhajar VPN irin WireGuard ko Tailscale, ka shiga gidanka ta ɓoyayyiyar hanya.

Sannan sabar ba ta maye gurbin ajiya ta biyu. Rumbun kwamfuta yana mutuwa ba sallama. Da ka gama gyaran bayanan nan, kwafi komai zuwa wani rumbun daban, ka zare shi, ka sa a aljihun tebur.