Gasar lambu ce ko gasar feshi?

To, an raba kofi, an tafa, an ɗauki hotuna. Barka da arziki. Lambun da duk unguwa ta san da ruwan kwata ake ba shi, wanda aka yi wa feshi ana jibi alƙalai za su zo, shi ne ya zo na ɗaya a gasar da aka ce ta kare muhalli ce. Su kuma iyayenmu mata da suka shafe watanni suna haɗa takinsu da hannu, aka rage musu maki wai kabejinsu yana da huda-huda. Sannunku da aiki, alƙalai.

Jama'a, wannan hudar tsutsa ce ta yi ta, kuma tsutsar ta rayu ne saboda ba a zuba mata guba ba. Kabejin da ko ƙuda ba ya sauka a kansa, shi ne abin tsoro. Kyan ɗan maciji ke nan.

Ba a yi wa lambu hukunci da ido a yini guda. Duk mai noman rani a bakin kogin Dilimi a nan Jos ya san yadda ake samo koren ganye: ka watsa yuriya kamar kwana 10 kafin ranar, ka cika ruwa, ganye ya yi duhu yana sheƙi. Abin da shukar ba ta sha ba ruwa zai wanke shi zuwa rafi ko rijiyar maƙwabci. Irin wannan ganye mai taushi kuma shi ƙwari suka fi so, sai a koma shago a sayo magani. A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi. Wa ya tambaya? Latas ɗanye ake cinsa, kuma baƙi sun saya sun tafi da shi gida ranar bikin. Mun manta cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda sinadarin da ke cikin fiya-fiya, amma ga shi ana fesa shi a kan ganyen salak ana karɓar kyauta.

Sai taki. A Jos an daɗe ana kwaso shara daga bola, a ƙone, a tankaɗe, a zuba a komaye. Da can toka ce da kashin awaki da ɓawon kayan miya. Bolar yau batura ce da leda da matattun wayoyi da gwangwanin fenti. Daga irin waɗannan ake samun dalma, ita kuwa ba ta ruɓewa. In ta shiga ƙasa ta zauna ke nan, kuma alayyafo da latas da karas su ne suka fi ɗauko ta zuwa tukunya. Ido ba ya ganin wannan. Haka ruwa: na ramukan kuza da ake jawowa da inji a wajen Bukuru da Rayfield daban, na rafin da ya ratsa tsakiyar gari ya kwaso magudanun gidaje daban. Alƙalin da bai taka ya ga inda tiyo ya fito ba, me ya duba?

Na san za a ce ai gasa ce ta ƙarfafa gwiwa, kada a tsananta. Gwiwar wa aka ƙarfafa? Yaran da suka tsaya kallo sun koyi cewa mai feshi ne ke cin kofi. Wasu kuma za su ce babu kuɗin gwajin ƙasa. Ba wanda ya ce a kai ƙasa jami'a. Shebur ɗaya ya isa.

A zo sau uku ba sanarwa: lokacin dashe, da tsakiya, da lokacin girbi. A haƙa ƙasa zurfin taƙi ɗaya na hannu. In baƙa ce mai warwarewa, da tana a ciki, an yi aiki. A tuge tsiro guda a duba saiwa. Wanda aka sayo a bakin titi makon jiya, saiwarsa tana nan a dunƙule da siffar ledar da aka rene shi. A ce a nuna ramin taki, a soka sanda a tsakiya, a zaro bayan ɗan lokaci a taɓa: in da ɗumi, takin yana dahuwa; in sanyi ne da wari, ruwa ya yi yawa ko ba a juyawa. A zo da hantsi a ga ko ƙudan zuma na ziyartar furen kokwamba. Duk wannan bai kai kuɗin hayar rumfar bikin ba.

Kuma tsakani da Allah, aikin na gaskiya ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. Ramin taki mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi. Busasshiyar ciyawa ko yankakken kara a ƙasa kamar santimita 20, ɗanyen ganye da ɓawon kayan miya santimita 10, kashin shanu ko na kaji santimita 5, tokar itace kaɗan, a yayyafa ruwa, a maimaita har ya cika. A juya duk mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku ya nuna. Ɗanyen kashin kaji kai tsaye a komi ƙone saiwa yake yi, ya kuma bar ƙwayoyin cutar gudawa a ganye. Maganin ƙwari kuwa, rabin kilo na dakakken ƙwallon dogon yaro a lita 10 na ruwa, ya kwana, a tace da ƙyalle don kada ya toshe bakin injin feshi, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, duk mako. Ba ya kashewa nan take, hana tsutsa ci yake yi, shi ya sa masu gaggawa suke cewa ba ya aiki. Mai yin wannan zai samu huda nan da can, kuma shi ya cancanci kofin.

Af, kafin in manta. Masu zuba man ja da kalanzir a jarkokin maganin ciyawa, ku ji tsoron Allah. Wanki ba ya fitar da shi daga roba. A ɗauraye sau uku, a juye ruwan cikin injin feshi, a huda gindin jarkar da ƙusa yadda ko almajiri ya tsince ta ba za ta riƙe masa ruwan sha ba.